Kyanwar da Ke Cikin Kwamfutar Alhaji

Ranar nan ina zaune a shagon 'yata Uwani, nan Gusau, ina kallon masu koyon gyaran waya a wurinta, sai aka kawo wata waya da ta ƙi kamawa. Wanda ya karɓa ko murfi bai buɗe ba. Ya juya bayanta, ya karanta sunan, ya ce gobe za a aiko da kayanta daga Kano. Na ce ya buɗe tukuna ya ga abin da ke ciki, sai ya yi mini murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ya ce ai sunan ya faɗi komai. Na dawo gida na nemi biro. Karatuna bai wuce aji uku na firamare a Bungudu ba, wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa, amma abin da zan faɗa da hannuna na yi shi.

Shekarun farko da aka ba mu jiha, ma'aikata suka cika Gusau, mafi yawa daga Sakkwato, kuma kusan kowa da wani ɗan abu a aljihun gaba. Akwai kalkuleta. Akwai ta wasa, wadda ake kira gem, mai tubala suna faɗowa kana jera su. Sai babbarsu, kwamfutar aljihu, wadda ake buɗewa kamar gidan hoda, da 'yan maɓallai kamar ƙwayar gero, tana lissafi, tana riƙe sunaye, tana faɗin lokaci. Maigidana, Malam Isa, yana da tebur a barandar shagon wani mai hatsi, Alhaji Ɗanjuma mutumin Tsafe. Rediyo da agogo yake gyarawa. Da waɗannan ƙananan suka fara lalacewa, wurinsa aka riƙa kawo su, don ba wani wurin.

Malam gwani ne, amma yatsunsa manya ne, na rediyo. Sai ya riƙa zuwa da su gida yana fama. Wata rana ya kawo kalkuletar wani tela da lambobinta suka gurgunce: takwas ta zama uku, bakwai ta zama ɗaya, tela ya yanka yadi ba daidai ba. Ina tsintar shinkafa ina leƙe. Na ce masa ga wata 'yar roba can tsakanin gilashi da allon ciki, gefenta ɗaya ya yi datti. Ya ce in na gani in goge. Na goge da auduga da sifirit, aka mayar, takwas ta samu ƙafafunta. Ya dube ni ya dubi kalkuleta. Washegari ya zube mini matattu cike da leda.

Nan koyo ya fara, kuma ba koyon daɗi ba ne. Wata da watanni bai bar ni na taɓa mai rai ba. In buɗe matacciya, in jera ƙusoshinta a faifai yadda na cire su, in rufe. In ƙusa ta ragu a faifai, in sake daga farko. Dokarsa ita ce abin da ya ƙi buɗuwa ba a yi masa ƙarfi, akwai ƙusar da ba a gani ba, galibi a ƙarƙashin takardar suna. Kayan aikina kuwa in kun gani dariya za ku yi: sukundireban agogo, hantsaki, tsohon buroshin haƙori, gilashin ido ɗaya irin na masu agogo, da wata ƙusa ta inci uku da Malam ya goge bakinta ya sa mata ƙotar icce. Ita ce ƙarfen liƙina, da ita nake narka dalma. A garwashi ake gasa ta, don wutar lantarki ba ta zama, kuma ƙarfen liƙin Malam ya yi wa wannan aikin ƙato.

Wurin aikina cikin gidan sauro ne, da rana tsaka. Dalili kuwa Uwani. Tana fara rarrafe duk abin da ta gani baki take kai shi, kuma waɗannan na'urori batirinsu ɗan fele-fele ne kamar maɓallin riga, ga shi yana sheƙi. Wata rana na nemi guda ɗaya na rasa. Na kwashi yarinya a guje sai kemis, na dawo na ɗura mata man ja, na zauna gadin fo ɗinta da tsinke a hannu kamar mai neman zinari. Sai da maƙwabciyata ta zo kitso ta kwance mini ɗankwali, batir ya faɗo daga ciki. Tun daga ranar na ɗaura gidan sauro a tsakar ɗaki, in shiga da faifaina in tura bakinsa ƙarƙashin tabarma. Ƙusa ba ta fita, yarinya ba ta shiga. Mata 'yan biki in sun leƙo sai su ɗauka zazzaɓi nake.

Yanzu maganar suna. Masu ƙera waɗannan abubuwa sun iya raɗa suna. Da ruwan gwal suke rubutawa a murfi. Wani malamin makaranta ya fassara wa Malam, ya ce wannan ma'anarsa sarki, wancan farfesa, kuma kowanne da lamba a gaba: dubu biyu, dubu biyar. Mai saye yana ɗauka girman lamba shi ne girman hankali. Gem kuwa an rubuta mata wasa dubu tara da ɗoriya. Na zauna na bi su ina dannawa, na tarar wasanni ne 'yan kaɗan suke ta sake hula, wannan ya ƙara sauri, wancan ya juyo ta ƙasa. Akwai wani ma'aikaci da ya kawo tasa mai dubu biyu, lafiyarta lau. Abokin zamansa a ofis ya sayi mai dubu biyar, shi ne abin ya tsaya masa. Muka ɗauko murfin wata matacciya mai dubu biyar muka sa masa, yana tsaye yana gani. Bayan sati ya dawo ya yi wa Malam godiya, ya ce wallahi ta ƙara sauri.

In ka buɗe, sunan nan duk a waje ya tsaya. Ciki allo ne kore, a tsakiyarsa wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta ta bushe. Malam yana ce masa aisi, ni ina ce masa ƙwaƙwalwa, don shi ke yin tunanin, sauran duk 'yan aike ne. Ba a rubuta masa komai ba, ba ya buɗuwa, ba ya ciruwa. In ya mutu sai dai a sake allon gaba ɗaya, kuma sai an samu ɗan'uwansa na jini, in ba haka ba gilashi da maɓallai ba za su ji maganarsa ba. To ta yaya za ka gane ɗan'uwan abin da ba shi da suna? Ubana wanzami ne a Bungudu, na tashi ina ganin tsaga a kumatun mutane. Siraran layukan tagulla da ke fitowa daga baƙin ɗigon nan, kowane iri da yadda nasa suke kwanciya. Mai layuka da yawa a gefe ɗaya, kaɗan a ɗayan, na sa mata Bagobira. Wadda nata suka yi jere ƙasa, Bazamfara. Akwai mai wani layi ɗaya da ya gitta a karkace, ita ce mai bille. Kowace kabila da gwangwanin madararta. Sau da yawa zan buɗe sarki in buɗe farfesa, in tarar duk Bagobira ce a ciki.

Duk wannan ba wanda ya sani a kasuwa. Malam ke karɓa da safe, ya kawo gida, in gyara, ya mayar. Har wani Bafulatani daga wajen Ruwan Bore da gem ɗin ɗansa ta faɗa ƙwaryar nono, da aka wanke masa ita ta dawo tana kuka, sai da ya riƙe hannun Malam ya yi wa yatsun addu'a ɗaya bayan ɗaya. Malam ya dawo ya ba ni labari, ya ce in miƙo nawa ya juye mini.

Shekarar da ta yi mana tsanani ita ce ta wahalar mai. Mota ta yi wuya, Malam ya hau babur ɗin kabu-kabu zai je Tsafe ta'aziyya, saniya ta shigo titi, suka zube. Hannun dama ya karye. Aka kai shi wurin mai ɗori a Bungudu, aka ɗaure shi da karare. Tebur ya zauna a baranda lulluɓe da tamfol. Hannun ya ƙi ɗoruwa da wuri, aka sake ɗori. Muna haka labari ya zo cewa wani ɗan ƙanen Alhaji yana son barandar ya sa kaset. In aka ɗauke teburin nan, ba inda za a riƙa kawo mana aiki, kuma wuri a bakin kasuwa a lokacin, da garin ya cika, in ka tashi ba ka komawa.

Alhaji Ɗanjuma ba mugu ba ne, amma ba ya son ganin wuri a banza. Yana da kwamfutar aljihu baƙa da ya sayo a aikin hajji, mai suna da ruwan gwal da lamba mafi girma da na taɓa gani. Ba ya ajiye komai a cikinta. Lissafin buhuna yake yi, sai kuma abin da ya fi so: in an taru ya buɗe ta ya danna, ya faɗa wa mutane ƙarfe nawa ne yanzu a Makka. To batirinta ya yi sanyi, yaron shagonsa ya ce ba sai an sayi sabo ba, bari a ɗan ba ta ƙarfi. Ya jona ta da batirin babur. Ta yi ɗan wari, shi ke nan. Alhaji ya aiko da ita gida tare da saƙo: in Isa ya gyara kafin kasuwar Tsafe mai zuwa, ya san hannun ya dawo, tebur na nan. In bai gyaru ba, ba faɗa ba ne, a zo a ɗauki tebur.

Na shiga gidan sauro na buɗe. Gilashi lafiya, maɓallai lafiya, ƙwaƙwalwa ta dahu. Na sa gilashin ido na dubi tsagarta: mai bille ce, amma da wani ƙarin layi ɗan gajere a ƙasa, irin wadda ba a cika samu ba. Na zazzage gwangwanin masu bille kaf, babu irinta. Malam ya aika wa abokan sana'a, babu. Ina zaune na rasa abin yi, sai na ji ƙit-ƙit-ƙit daga waje. Uwani ce da abin wasanta.

Abin wasan nan wata 'yar kwamfuta ce ruwan hoda, ta 'yan mata, da hoton fure a murfi. Wata mai bautar ƙasa ta kawo ta da fasasshen gilashi, aka rasa irinsa, ta gama hidimarta ta koma garinsu ta ce a bar ta. Ba ta nuna komai, amma in an danna tana wani kuka kamar ɗan tsako. Na liƙe gidan batirin da gam, na naɗe da salatif, na ba Uwani. A duniya ba abin da ke sa ta shiru sai shi. Da shi take barci, da shi nake samun yin girki. Kuma na tuna ranar da na fara buɗe ta na ga wani ɗan gajeren layi a ƙasan bille.

Na jira ta yi barcin rana, na zare ta daga hannunta a hankali na sa mata ludayi a madadin. Na buɗe, na jera allunan biyu a faifai. Uwa ɗaya uba ɗaya. Har ramukan ƙusa sun zo daidai. Na ɗauke allon ruwan hodar na sa a gidan baƙar, na daidaita robar gilashi, na sa batir, na danna. Malam ya durƙusa a bakin gidan sauro yana leƙe.

Ta kama. Amma maimakon lokaci da kwanan wata, sai ga fuskar kyanwa a gilashin Alhaji, tana kashe ido ɗaya, ga wata 'yar waƙa tana tashi. Malam ya yi salati. Ya ce in Alhaji ya buɗe wannan a gaban 'yan kasuwar Tsafe, ba tebur kaɗai ba, garin za mu bari. Sai dariya ta kama shi, ta girgiza masa ɗori, ya koma yana nishi. Waƙar kuma ta tada Uwani, ta dubi ludayi, ta jefar, ta buɗe baki.

Na goya ta tana ihu a kunnena, na fito da allunan bakin ƙofa inda haske yake. Na san dole akwai inda suka bambanta, tunda ƙwaƙwalwa ɗaya ce amma hali biyu. Na bi layi-layi. Can kusa da baƙin ɗigon akwai wasu 'yan idanun tagulla bibbiyu a jere, kamar an shirya su ba a yi amfani da su ba. A allon Alhaji, ɗigon dalma ya haɗa na tsakiya. A na Uwani, na farko aka haɗa. Ɗigon nan bai kai ƙwayar riɗi ba. Ashe masu ƙerawa abu ɗaya suke yi, komai na ciki, kyanwa da lokacin Makka duk tare, sai a ƙarshe a ɗiga dalma a ce ke sarki ce, ke kuma ta yara.

Na koma gidan sauro da Uwani a baya. Malam ya hura garwashi da hannun hagu, yana miƙo mini ƙusa ta ƙarƙashin gidan sauro. Zuwan farko ya huda gidan sauron. Na biyu ya yi sanyi kafin ya iso. A na uku na ɗauke dalmar farko, na ɗiga a tsakiya, Uwani tana dukan bayana da ƙafa. Na cire batir na mayar, na tsokani ɗan ramin baya da allura don ta tashi sabuwa. Kyanwa ta tafi. Ga lokaci, ga kwanan wata, ga Makka. Abu ɗaya ne bai sake ba: in ka danna maɓalli, kukan ɗan tsakon nan ne. Ta Alhaji ta asali muryarta ƙasa-ƙasa ce. Malam ya ce ba zai lura ba.

Muna shirin aikawa, sai sallama a zaure. Alhaji ne da kansa, ya ce ya biyo ya duba jiki. Malam ya fita da kwamfuta a hagu, dama na rataye a wuya. Ni ina bayan katangar zaure ina jin komai. Uwani kuwa tun da aka raba ta da abinta ba ta yi shiru ba, na ba ta gidan ruwan hodar ba allo, ta danna ta ji shiru, ta wurga shi cikin randa. Na sauke ta in gyara goyo ke nan, Alhaji ya buɗe ya danna. Ƙit.

Kukanta ya ɗauke cak. Kafin in kama ƙafarta ta rarrafa ta shige zaure, ta haye babbar rigar Alhaji, ta damƙi kwamfuta da hannu biyu tana dannawa tana dariya. Alhaji ya dubi yarinya, ya dubi hannun Malam da ko cokali ba ya riƙewa, ya daɗe yana kallon kararen ɗori.

"Isa, wagga ɗiya ta san abin ga. Kuma hannun ga bai yi wanga aiki ba. Wa ya yi?"

Malam ya fara kame-kame, daga baya ya faɗi gaskiya duka, har da batun kyanwa. Uwani na ta ƙit-ƙit ɗinta. Ni dai a zuciyata na riga na fara tunanin inda za a ajiye tebur a tsakar gida. Sai Alhaji ya ɗaga murya yadda zan ji, ya gaishe ni, na amsa daga bayan katanga. Ya tambaya ko har yanzu wannan ita ce wadda ya sayo a Makka.

Na ce, "Rigar ta Makka ce, Alhaji. Ƙwaƙwalwar ta Uwani ce."

"To kyanwar fa? An hidda ta?"

"Tana nan ciki. Ƙofa dai anka rufe mata."

"Ba ta hitowa gaban mutane?"

"Sai in an ɗauke dalmar, Alhaji."

Ya lallaɓa ya danna wurin Makka ta tsakanin yatsun yarinya, ya duba agogon hannunsa, ya yi lissafi da baki, ya ga daidai. Ya ce shi abin da ya nema ya san ko aiki na fita daga gidan nan, kuma ga shi ya gani, wane hannu ne ba ruwansa. Tebur ya zauna. Sharaɗi ɗaya ne, kada kowa ya ji maganar kyanwa. Muka yi alkawari. Ya zo tashi, Uwani ta ƙi saki. Ya ja, ta tsala ihu. Haka babban mutum ya koma ya zauna a tabarmar zaure da yarinya a cinya, har ta yi barci, har motar Tsafe ta tashi ta bar shi.

Mu mun riƙe alkawari. Shi ne bai riƙe ba. Kasuwa na ci ya ba kowa labari da bakinsa, yana ƙara gishiri, har ya ce kyanwar ta yi masa magana. Daga ranar sunan ruwan gwal ya mutu. In gardama ta tashi kan buhuna a Tsafe sai a ce, Alhaji, a tambayi Uwani. Aiki ya riƙa zuwa tebur ana cewa a kai wa ta cikin gida. Hannun Malam ya warke daga baya, amma ƙananan bai sake taɓa su ba, ya ce ya huta.

Alhaji ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Bara babban ɗansa yana gyaran ɗaki ya ci karo da ita a akwati, ya kawo shago ya ce a ba mai sunan. Uwani ta kawo mini gida. Na goge ta, na sa batir, ta kama, lokacin Makka na nan. Na aika aka samo mini garwashi, don ƙusata tana nan ban yar ba. Na ɗauke dalmar tsakiya na mayar ta farko. Kyanwa ta fito ta kashe ido ɗaya, kamar jiya aka rufe ta.

Na miƙa wa 'yar Uwani, jikata, da ke rarrafe. Ta kalli kyanwa, ta shafa gilashin da yatsa yadda take ganin ana yi wa waya, kyanwa ba ta motsa ba. Ta sake shafawa. Sai ta juya ta, ta nufi baki da gefen da batir yake.

Na fizge. Yanzu haka tana saman kwaba, batirin kuma yana ƙulle a bakin zanena.